"Mama, Me Ya Sa?": Tambayoyin Ƙananan Yara da Yadda Suke Koyon Zaɓi

 Yau maganarmu a kan ɗan ƙaramin mutumin nan ne da ke cikin gidanku, wanda bai wuce shekara 5 ba, wanda bakinsa ba ya hutawa, hannunsa kuma ba ya zama wuri ɗaya. Kun san shi. In an rufe kwano sai ya buɗe. In kaza ta shiga akurki sai ya leƙa. In aka ce masa ruwa zai zo, sai ya ce, "Me ya sa?" In aka ba shi amsa, sai ya sāke cewa, "Me ya sa?" har mai amsawa ya gaji ya ce, "Kai, ka ishe ni, tafi waje ka yi wasa."

Akwai sunaye da yawa da ake ba wannan hali: ƙiriniya, rawar kai, karambani, surutu, rashin ji. Dukansu sunayen laifi ne. Amma yawancin abin da ake kira da waɗannan sunaye, hanya ce da yaro ke bi ya san duniyar da ya shigo, kuma a kan wannan hanya ce yake koyon abu na biyu da zai bukata dukan kwanakin ransa, wato yadda mutum ke tsai da shawara. Rana tana zuwa da za a sa shi a mota zuwa makarantar kwana a Gindiri ko Kagoro ko Numan, ko ya tafi neman aiki Abuja ko Legas, babu baba babu mama a kusa. Wani aboki zai miƙa masa abu ya ce, "Gwada." Wani babba zai ce masa, "Zo mu je, kada ka gaya wa kowa." A ranar nan, yaron da ya saba tsayawa ya tambaya, ya auna, sa'an nan ya zaɓa, yana da abin kāre kansa. Wanda aka koya masa abu ɗaya tak, wato ya yi shiru ya bi wanda ya fi shi ƙarfi, zai bi wanda ya fi shi ƙarfi.

Son sani yana farawa tun kafin baki ya buɗe. Ku lura da jariri ɗan wata 10 da aka ba cokali. Zai sa a baki, ya buga a ƙasa, ya yar, ya bi shi da ido. A ɗauko a ba shi, ya sāke yarwa. Uwa za ta ce neman magana yake yi. A shekara ta 2015, waɗansu masu bincike biyu a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Aimee Stahl da Lisa Feigenson, sun gwada jarirai 'yan wata 11. Da dabara suka nuna wa waɗansu abin wasa kamar ya ratsa bango ya fita ta ɗaya gefen. Waɗansu kuma aka nuna musu abin wasa ya gangaro ya wuce bakin tebur, amma bai faɗi ba, ya tsaya a iska. Daga baya aka miƙa wa jariran abin a hannu. Waɗanda suka ga ya ratsa bango, sai suka riƙa buga shi, kamar masu son su ji ko da gaske yana da tauri. Waɗanda suka ga ya tsaya a iska, sai suka riƙa sakinsa, su ga ko zai faɗi. Kowane jariri ya zaɓi gwajin da ya dace da abin da ya ba shi mamaki. Ashe mai yar da cokalin nan tambaya yake yi da hannunsa, tun da bakinsa bai iya ba tukuna.

Sa'ad da baki ya buɗe kuwa, sai tambayoyi su zubo kamar ruwan Agusta. Wata malama, Michelle Chouinard, ta zauna ta ƙirga tambayoyin yara 4 da aka daɗe ana ɗaukar maganarsu a gida tare da manya. A rahoton da ta buga a 2007 ta sami tambayoyi fiye da 24,000, wato wajen 107 a kowace awa. Yawancinsu na neman sani ne, ba na roƙon abinci ko neman izini ba. Yara 4 ba su da yawa, kuma 'ya'yan Amurka ne, amma duk wadda ta taɓa surfe da ɗan shekara 3 a gefenta ba za ta yi mamakin lissafin ba. Tun a 1984 kuma, Barbara Tizard da Martin Hughes sun bi 'yan mata 'yan shekara 4 a Landan, suna sauraronsu a gida da makaranta. A gida kowace yarinya takan yi wa uwarta tambaya wajen 26 a awa. A makaranta, wajen 2 kawai take yi wa malama. Ku riƙe wannan, ku iyayen da kuke cewa, "Ni ban yi boko ba, in ya shiga makaranta malamai za su koya masa." Malama tana da yara 40 ko 60 a gabanta. Wurin tambaya na gaske shi ne gindin turmi, da hanyar rafi, da bayan keken baba.

Akwai wani abin da aka gano wanda zai taimaki mai gajiya. A 2009, masu bincike a Jami'ar Michigan sun lura da abin da yaro yakan yi bayan an amsa masa. In ya ce "me ya sa" aka ba shi dalili na gaske, yakan yarda, ko ya wuce zuwa sabuwar tambaya a kan abin. In aka ba shi amsar da ba dalili a cikinta, sai ya maimaita tambayar, ko ya ƙago nasa dalilin. Saboda haka yaron da ya yi tambaya ɗaya sau biyar, sau da yawa bai sami amsa ba ne ko sau ɗaya. "Haka yake" ba amsa ba ce. "Za ka sani in ka girma" ba amsa ba ce. Amsar kuwa ba sai ta yi tsawo ba.

"Mama, me ya sa kike rufe tukunya?"

"Domin zafi ya zauna a ciki, wake ya nuna da sauri."

"In kin buɗe fa?"

"Zafin zai gudu. Ga shi nan yana fita, ka ga tururi? Tsaya daga nan, yana ƙuna."

Ba a ɓata minti ɗaya ba, aiki bai tsaya ba, yaro ya tafi da abu uku: zafi yana dafa abinci, murfi yana tsare zafi, tururi yana ƙuna. Wani lokaci kuma amsar da ta fi ita ce a mayar masa da tambayar: "Kai me ka gani, ɗana?" Ku ji abin da zai faɗa, ko da ya ba ku dariya. Wani lokaci amsar gaskiya ita ce, "Ban sani ba, bari kawunka ya dawo mu tambaye shi." Uban da ya faɗi haka bai rage girmansa ba. Ya nuna wa ɗansa abin da babba yakan yi in bai san abu ba, gama matambayi ba ya ɓata.

A nan akwai wata magana da ta shafe mu musamman. Yawancinmu da muke jin wannan shiri, ba da Hausa aka yi mana goyo ba. Akwai mai Berom, da mai Tarok, da Ngas, da Jju, da Tyap, da Eggon, da Bura, da Tangale, da Zaar, da sauransu da yawa. Wadda ta fi kowa amsoshi a gida sau da yawa kaka ce. Ita ta san sunan kowace ciyawa, da tsuntsun da kukansa ke nuna damina ta kusa, da dalilin da ya sa ba a shuka acha yadda ake shuka masara. Amma duk wannan sani yana cikin yarenta. In jika bai ji yare ba, sai su zauna a tabarma ɗaya, shi da tambaya, ita da amsa, babu gada a tsakani. Masu tsoron cewa yare zai hana yaro Turanci su tuna da aikin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ile-Ife a 1970, inda aka koyar da yara dukan darussan firamare na shekara 6 da Yarbanci, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi. Yaran ba su koma baya a Turanci ba, a sauran darussa ma sun yi kyau. Ku amsa wa yaro da harshen da kuka fi zurfi a cikinsa.

Mun san abin da wani dattijo yake faɗa a zuciyarsa yanzu. Yana cewa, a wurinmu yaro ba ya tsare babba da tambaya, rashin kunya ne. Gaskiya ne haka aka rene mu, kuma ba mu kaɗai ba. An bincika maganganun ƙananan yara a ƙauyukan Kenya da Nepal da Samoa da Belize, aka buga sakamakon a 2013. Yaran can ma suna tambaya sosai: mene ne wannan, ina wane, wa ya zo. Amma tambayar neman dalili, wato "me ya sa" da "ta yaya", ba ta kai kashi 5 cikin 100 na tambayoyinsu ba, alhali a wurin yaran Amurka ta kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Masu binciken sun ga kamar ɗaya daga cikin dalilan shi ne, a irin waɗannan wurare ana jin "me ya sa" daga bakin yaro kamar gardama ce da babba.

A ganinmu abu biyu ne aka haɗa wuri ɗaya, ya kamata a raba su. Akwai "me ya sa" ta ƙin aiki, wadda yaro kan yi in an aike shi. Akwai "me ya sa" ta neman sani. Uwa takan ji bambancinsu a murya. Ta farko a yi mata horo, ta biyu a amsa ta. Ladabi kuma ana koyar da shi tare da tambaya: ka gaisa tukuna, kada ka katse manya, kada ka nuna baƙo da yatsa ka tambayi abin da ya sami ƙafarsa, ka riƙe tambayarka sai mun koma gida. Amma in kun ce "sai mun koma gida", to, in an koma gida ku ne za ku tuna masa.

Littafi Mai Tsarki kansa ya ɗauka cewa yara za su yi tambaya, ya kuma ɗora nauyin amsa a kan iyaye. A Joshuwa sura 4, bayan Isra'ilawa sun haye Urdun, an ɗebo duwatsu 12 daga tsakiyar kogin aka kafa su a Gilgal. Dalilin da aka bayar shi ne domin wata rana 'ya'ya su gani su tambayi ma'anarsu, iyaye kuma su ba da labarin. Ku duba wannan da kyau. An kafa duwatsun ne musamman domin su jawo tambaya. Haka yake a Fitowa sura 12 game da Idin Ƙetarewa, da kuma Maimaitawar Shari'a sura 6. A Luka sura 2, sa'ad da Yusufu da Maryamu suka sami Yesu a Haikali yana ɗan shekara 12, yana zaune ne a tsakiyar malamai yana sauraro yana kuma yi musu tambayoyi. Surar nan ɗaya ta ce ya koma Nazarat tare da su yana yi musu biyayya. Tambaya da biyayya sun zauna a jikin yaro ɗaya, ba su yi faɗa ba. Ku tuna da tsoho Eli ma, wanda yaro Sama'ila ya tashe shi har sau uku a dare ɗaya. Da ya kore shi da tsawa tun a karo na biyu, da bai gane abin da ke faruwa ba a karo na uku.

Yanzu bari mu zo wurin haɗari, gama son sani yana kai yara asibiti, yana kuma kai waɗansu kabari. Kafin yaro ya cika shekara 6, ƙwaƙwalwarsa ta kai wajen kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum. Amma sashen da ke bayan goshi, wanda aikinsa shi ne ya ce wa mutum "dakata, ka yi tunani", shi ne na ƙarshe wajen nuna, ba ya gama ƙosawa sai mutum ya wuce shekara 20. Ɗan shekara 2 kamar mota ce mai sabon inji wadda ba a gama ɗaura mata birki ba. Kun gaya masa jiya, ya ji, har ya maimaita muku. Yau ya ga abin, hannu ya riga tunani. Duka ba ya sa wannan sashe ya nuna da wuri.

Saboda haka akwai shawarar da ba ta yaro ba ce sam, ta manya ce. Likitocin yara a Nijeriya sun daɗe suna ba da rahoto cewa kananzir yana kan gaba cikin abubuwan da ƙananan yara ke sha bisa kuskure, kuma dalilin a fili yake: ana zuba shi a kwalbar lemo ko gorar ruwa, a ajiye a ƙasa kusa da murhu. Yaro mai ƙishi ya ga kwalbar da ya sani. Haka yake da maganin ciyawa da maganin feshi da ake kawowa daga gona, da maganin ɓera, da sodar da mata ke yin sabulu da ita, wadda in an jiƙa ta sai ta yi kama da ruwa. A ɗaga su sama, a kulle, kada a juye su cikin abin da ake ci ko sha da shi. A rufe bakin rijiya da murfi mai nauyi. A zubar da ruwan da ya rage a baho da bokiti, gama ɗan tatata yana iya nutsewa a ruwa kaɗan in ya faɗa da ka. Mutanen Bukuru da Barkin Ladi kuma sun san kududdufan da haƙar kuza ta bari.

In har yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Babban haɗarin kananzir shi ne ya shiga huhu, amai da ɗura kuwa su ne ke kai shi can. A cire masa rigar da ta jiƙe, a kai shi asibiti nan da nan, a tafi da kwalbar.

In an kawar da abin da ke kisa, sai a rage yawan "bari". A waɗansu gidaje yaro yakan ji "bari" sau ɗari kafin azahar, a kan wuta da a kan cokali duka da murya ɗaya. Yaron da aka hana shi kome ba ya sanin wanne ne hani na gaske. A bar masa ƙasa, da ruwa a kwano in babba yana kusa, da gwangwani, da totuwar masara, da tsohuwar taya. A ba shi ƙwayar wake ya shuka a gwangwani biyu, ɗaya a rana, ɗaya a ƙarƙashin gado, a riƙa ba su ruwa, a tambaye shi wanne zai fi kyau. Cikin mako guda ko biyu zai ga na duhu ya yi tsawo, siriri, fari-fari, na rana kuma ya yi kore. Ba a kashe ko sisi ba.

Kada kuma a yi saurin nuna masa kome. A 2011, Elizabeth Bonawitz da Laura Schulz da abokan aikinsu sun ƙera wani abin wasa mai bututu huɗu, kowanne da abin da yake yi a ɓoye: ɗaya yana ƙara, ɗaya yana kunna wuta, ɗaya kiɗa, ɗaya yana da madubi. Waɗansu yara aka ce musu, ga yadda ake yi, aka nuna musu mai ƙarar. Waɗansu kuma babbar ta yi kamar bisa tsautsayi ta taɓa ya yi ƙara, ta bar musu. Waɗanda aka koya wa sun tsaya a kan ƙarar, suka gaji da wuri. Sauran sun daɗe suna juya shi, suka gano abubuwa da yawa. Yaro yana ɗauka cewa in babba ya nuna abu ɗaya, shi ke nan abin da ke akwai. Wuƙa da wuta da tsallake titi, waɗannan a koya su dalla-dalla. Amma ɗaura igiyar akuya, ko yadda za a fitar da ƙwallo daga ƙarƙashin rumbu, a ɗan bar shi ya sha wahala kafin a sa hannu.

Zaɓi kuma ana koyonsa ne da yi, kamar noma. Ɗan shekara 2 zuwa 3 a ba shi abu biyu, waɗanda duka kun yarda da su: jar riga ko shuɗiya, kunu ko shayi. Kada a tambaye shi ko zai sha magani, ko zai yi wanka. Za a yi wanka. Abin da zai zaɓa shi ne ya fara da ƙafa ko da hannu. Ɗan shekara 4 zuwa 5 a ƙara masa: zai ba kaji ruwa ne ko zai share bakin ƙofa, wanne zai fara. Uwar da ta gwada wannan takan ga rigima ta ragu, gama yawancin "a'a" ta ɗan shekara 2 neman wurin da zai sa nasa hannu ne.

Wurin da abin ya fi wuya ga iyaye shi ne barin sakamako ya tsaya. An ba yarinya naira 100 ranar kasuwa. Ta sayi alewa, ta shanye, sai ga mai ƙosai, ta fashe da kuka. Hanya biyu ce mai sauƙi: a saya mata ƙosan domin a huta, ko a zage ta a ce ga shi nan, maganinki ke nan. Duk biyun suna ƙwace mata darasin. A rarrashe ta, a ce, "Kin zaɓi alewa yau, 'yata. Kasuwa mai zuwa sai ki zagaya ki duba tukuna." In kasuwa ta zagayo, a tuna mata kafin ta miƙa kuɗin. Asarar ƙosai a shekara 4 tana da araha ƙwarai in aka gwada ta da asarar da ake yi a shekara 24.

Wataƙila kun taɓa jin gwajin da Walter Mischel ya fara a Jami'ar Stanford wajen ƙarshen shekarun 1960. Akan ajiye wa yaro alewa ɗaya a ce, in ka jira na dawo ba ka ci ba, zan ba ka biyu. An daɗe ana cewa gwajin yana nuna yaron da aka haifa da haƙuri. Amma Celeste Kidd da abokan aikinta a Jami'ar Rochester sun ƙara wani abu, aka buga a 2013. Kafin a kawo alewa, sai a yi wa yaro alkawarin za a kawo masa sababbin kayan zane. Rabin yaran aka cika musu alkawarin, rabi kuma aka dawo hannu wofi aka ba su haƙuri. Da aka zo kan alewa, waɗanda aka cika wa alkawari sun jira wajen minti 12. Waɗanda aka saɓa wa, wajen minti 3. Yaran nan na biyu lissafi suka yi, kuma lissafinsu daidai ne: wanda bai kawo na farko ba, me zai sa ya kawo na biyu?

Wannan ya shafi kowane "zan sayo maka in na dawo" da ake faɗa domin yaro ya saki zane. Ya shafi "dodo zai kama ka", da "zan kira soja", da "zan kai ka a yi maka allura". Ƙaryar allura ma tana da nata lahani dabam, gama ranar rigakafi za ta zo, yaro ya ɗauka horo ake yi masa. Yaro yana gina shawararsa a kan maganar manya. In maganar ba ta tsayawa, sai ya koyi cafke abin da ke gabansa yanzu, ya kuma daina gaskata gargaɗi, har da na gaske.

Kada wani ya ɗauka cewa renon Turawa ne ake ce mana mu kwaikwaya. An kai irin gwajin nan wurin 'ya'yan manoman Nso, a arewa maso yammacin Kamaru, maƙwabtanmu ta wajen Taraba, aka gwada su da yaran Jamus, dukansu 'yan shekara 4. Bettina Lamm ce ta jagoranci aikin, aka buga a 2017. A Kamaru fanke aka ajiye musu. Kusan kashi 70 cikin 100 na yaran Nso sun jira minti 10 cif, waɗansu har barci ya kwashe su a zaune. A Jamus kashi 28 ne suka iya. Renon ƙauye, inda yaro ke jiran manya, yana goyon ƙane, yana riƙe kansa a gaban mutane, yana ba da wani ƙarfi da bai kamata a yar ba. Abin da muke roƙo shi ne a ƙara masa buɗaɗɗiyar ƙofar tambaya.

Ga dalilin da ya sa muka nace a kan ƙofar nan. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF, ta yi bincike a kan cin zarafin yara a Nijeriya. An sami cewa yarinya 1 cikin 4, da yaro 1 cikin 10, an taɓa yi musu cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. Yawanci wanda suka sani ne ya yi, kaɗan ne ƙwarai kuma suka sami taimako. Mai irin wannan mugunta yakan nemi yaron da ya san ba zai yi magana ba. Yaron da aka mare shi ranar da ya tambayi sunan wani sashe na jikinsa ya riga ya koyi cewa wannan magana ba a kawo ta gida.

Saboda haka in ɗan shekara 3 ya tambaya a wurin wanka, a gaya masa sunan, da yarenku, ba tare da tsawa ko dariya ba. A gaya masa wuraren da wando ke rufewa nasa ne, ba mai taɓawa sai mama ko mai yi masa wanka, ko ma'aikacin asibiti in mama ko baba yana wurin. A gaya masa in wani ya taɓa, ko da kawu ne, ko malami, ko wani babba a ikkilisiya, yana da izini ya ce a'a, ya gudu, ya faɗa. Gaisuwa dole ce, amma kada a tilasta wa yarinya ta hau cinyar baƙo in ta noƙe. In kuwa wata rana yaro ya zo da magana mai nauyi, ku saurara har ya gama. Kada ku buge shi, kada ku ce ƙarya yake yi, kada ku tara mutane a kansa. Ku gaya masa ya yi daidai da ya faɗa, ku raba shi da mutumin tun a ranar, ku kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, sa'an nan ku kai maganar gaban hukuma. Rufe ta a cikin dangi domin gudun kunya yakan bar mutumin ya koma kan wani yaro.